Tsakanin Zaure da Jami'a: Tarke a kan Yadda Ake Karanta Tarihin Malaman Kano

Ya zama al'ada a kundayen ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, da kuma jawaban da ake yi a wuraren taro, idan aka zo maganar ilmi a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, sai a ce ai Gobarau ta Katsina jami'a ce, Madabo ta Kano jami'a ce, Sankore ta Tambutu kuwa ita ce babbar yayarsu. Sa'an nan sai a kawo Bolonya da Faris da Okisfod a jera su gefe guda, don a nuna cewa abin da Turai ta yi a ƙarni na 12 da na 13 ƙasar nan ma ta yi irinsa. Wannan maƙala za ta auna maganar da ma'auni biyu, watau abin da kalmar take nufi a wurin mutanen da suka fara kafa abin, da kuma abin da littattafan tarihin Kano da kansu suka faɗa game da malamai.

Masu wannan da'awa ba su rasa dalili ba. A shekarar 1963 wani shehun malamin tarihi na Okisfod, Trevor-Roper, ya fito fili ya nuna cewa Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta. Wanda aka yi wa irin wannan gori dole ya nemi abin da zai mayar da martani da shi, kuma kalmar "jami'a" makami ce mai kaifi. Abin mamaki kawai shi ne, makamin ma na aro ne, domin kuwa Bafaranshen nan Félix Dubois yana cikin waɗanda suka fara yaɗa laƙabin "Jami'ar Sankore", a littafinsa na 1897 a kan Tambutu. Ita kanta kalmar "jami'a" da wannan ma'ana ba tsohuwa ba ce ko a Larabci. Azhar ta Alƙahira, wadda aka gina wajen 970 zuwa 972, "jami'i" ce, watau masallacin Juma'a, kuma sai a 1961 doka ta mayar da ita jami'a irin ta zamani. A bakin Hausawa kuwa kalmar ta zauna ne bayan buɗe ta Ibadan a 1948 da ta Ahmadu Bello a 1962. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Abin da Turawan wancan zamani suke nufi

A harshen Latin na wancan lokaci, kalmar universitas ba ta nufin gini, ba ta nufin wurin da ake koyar da dukkan fannoni. Ma'anarta ita ce ƙungiyar mutane masu sana'a ɗaya da doka ta yarda su zama kamar mutum guda: su zaɓi shugabansu, su yi hatiminsu, su kai ƙara a kuma kai su. Masaƙa suna da tasu, mahauta suna da tasu. A Bolonya, inda aka shahara da karatun dokokin Rumawa, ɗalibai baƙi ne suka haɗa kai a ƙarshen ƙarni na 12, saboda dokar garin ba ta kare baƙo, masu gidajen haya suna tsawwala musu, kuma ana iya kama ɗalibi a kan bashin da wani ɗan ƙasarsu ya ci ya gudu. Shekarar 1088 da ake yawan ambatawa a matsayin ranar kafuwar Bolonya, wani kwamiti ne ya zaɓe ta a ƙarni na 19 domin a sami abin yi wa biki a 1888. Da ɗaliban suka yi ƙarfi sai suka juya kan malamansu. Su suke biyansu, su suke cin su tara idan sun makara, ko sun tsallake babi mai wuya, ko sun kasa tara masu saurare biyar. Malami ba ya fita gari sai da izinin ɗalibai, sai kuma ya ajiye jingina. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malamin zaure ya san cewa wannan duniya ce daban.

A Faris malamai ne suka yi ƙungiyar, amma asalinta ɗaya ne, watau rikici da mutanen gari. A 1200 faɗa ya tashi a wata mashaya tsakanin ɗaliban Jamus da mai gidan, hakimin birni ya zo da jama'a aka kashe mutane, sai Sarki Filib ya ba masu karatu takardar da ta fitar da su daga hannun alƙalan gari ta sa su a ƙarƙashin kotun coci. A 1229 wani faɗan a kan kuɗin giya ya sa dogarai suka kashe ɗalibai, malamai suka rufe karatu suka watse har shekara biyu, sai da Fafaroma Giregori na 9 ya tabbatar musu da 'yancinsu a 1231 suka komo. Kambirij ta samu ne daga waɗanda suka fice daga Okisfod a 1209 bayan an rataye wasu ɗalibai a kan mutuwar wata mace. A Okisfod ɗin dai, ranar 10 ga Fabrairu 1355, gardama a kan ingancin giya ta zama yaƙin kwana uku, aka kashe ɗalibai wajen 60 da mutanen gari wajen 30, kuma daga nan har 1825 magajin gari da manyansa suna zuwa coci kowace shekara su biya kwabo-kwabo a kan kowane ɗalibi da ya mutu.

Ta fuskar zaman yau da kullum kuwa, kamar da take tsakanin ɗalibin Faris da almajirin Kano ta fi yadda masu da'awar suke zato, sai dai ba a inda suke nema ba. Jami'o'in farko ba su da gini ko ɗaya. Malami yana hayar ɗaki ne, ɗalibai su zauna a ƙasa bisa tattakar ciyawa, har wani lungu a Faris ya sami sunansa daga wannan ciyawa. Ana karanta matani, malami ya yi sharhi, ɗalibi ya haddace. Littafi yana da tsada, don haka ake hayarsa kashi-kashi a kwafa a mayar. Ɗalibai matalauta suna bara, har wata doka ta Ingila ta 1388 ta ce kada ɗalibi ya fita bara sai da takardar shaida daga shugaban jami'arsa. Saboda haka mai nuna hasumiyar Gobarau yana cewa ga jami'a, ya ɗauko siffar jami'ar ƙarni na 20 ne, mai bene da ƙofar shiga, ya jingina wa Faris abin da ba ta da shi a 1200, sa'an nan ya jingina wa Katsina.

George Makdisi, a littafinsa na 1981 a kan asalin kwalejoji a Musulunci da Yammacin Turai, ya warware wannan ƙulli yadda ya kamata. A ganinsa madarasa irin Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067, wakafi ce, kuma 'yar'uwarta a Turai ita ce kwaleji, kamar wadda Robert de Sorbon ya kafa wa matalautan ɗalibai a Faris a shekarun 1250. Ita kuwa jami'a ƙungiya ce, fiƙihu kuma bai san ƙungiya a matsayin mutum mai haƙƙi ba. Makdisi ya ƙara da cewa mai yiwuwa ne izinin koyarwa na Turai ya samo tushe daga ijaza. Wannan ɓangare na biyu masana sun yi ta ja da shi, amma shi ne kaɗai ɗalibai suke tsinta su kafa hujja da shi, su bar na farkon, wanda ya fi ƙarfi, don bai yi musu daɗi ba.

Abin da Tarihin Kano ya faɗa

Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 ya kuma lissafa masa shekaru, ya ambaci malamai a wurare da dama, kuma salon ambaton nasa bai canja ba: sunan mutum, inda ya fito, littafin da ya zo da shi, da sarkin da ya tarar. A zamanin Yaji (1349-1385) Wangarawa suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, aka raba musu limanci da ladanci da alƙalanci da yanka. A zamanin Yakubu (1452-1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na nazarin harshen Larabci, alhali kafin nan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi kawai ake da su. A zamanin Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya sauka ya rubuta wa sarki nasiha a kan mulki. A zamanin Kisoki (1509-1565) wani shehi Batunashe ya kawo Ashafa ta Alƙali Iyal, wani kuma, Abdussalami, ya kawo Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Abubakar Kado (1565-1573) kuwa, an ce a gidan Ɗan Goronduma ya karanta Ashafa, kuma shi ya sa 'ya'yan sarauta karatun Alƙur'ani.

Duk wanda ya karanta waɗannan wurare da idon basira zai lura da abu biyu. Na farko, tarihin ilmi a wurin marubucin tarihin zuwan littattafai ne. Littafi baƙo ne kamar mutum, ana tuna shekarar saukarsa da wanda ya yi masa rakiya. Na biyu, wurin karatu gida ne, har ɗan sarki ma gidan malam yake zuwa. Babu inda aka ce malamai sun taru sun naɗa shugaba, ko sun yi wa kansu doka, ko sun ba da shaida da sunan taronsu. Ijaza ta mutum ce zuwa ga mutum, a kan littafi ayyananne, da salsalar waɗanda aka karɓo daga gare su. Shi ya sa Ahmad Baba na Tambutu (1556-1627), da ya zo bayanin karatunsa, bai ce ya fita daga Sankore ba. Ya lissafa littattafan da ya karanta wurin Muhammadu Bagayogo cikin shekara goma ne. Haka Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi a Ida'un Nusukhi, inda ya jera shehunansa ɗaya bayan ɗaya. Elias Saad a 1983, da John Hunwick bayansa, duk sun nuna cewa tsarin Tambutu na gidajen malamai ne, ba na hukuma guda ba.

Sai dai shi ma Tarihin Kano ba a sake masa jiki gaba ɗaya. Murray Last a 1980 ya ga cewa an fara tsara shi ne a tsakiyar ƙarni na 17, Hunwick kuwa ya kai shi zamanin Sarki Bello a ƙarshen ƙarni na 19, ya jingina shi ga wani bawan sarki mai riƙe da sarautar Ɗan Rimi. Ko wanne aka ɗauka, ɗaruruwan shekaru ne tsakanin marubucin da Yaji. Ga kuma Aslul Wangariyyin, wanda aka rubuta a 1061 Hijira (1650-51), Muhammad Alhaji ya buga shi a 1968: shi ya ajiye zuwan Zaite a zamanin Rumfa ne, ba na Yaji ba. Ɗalibin da ya rubuta cewa an kafa "Jami'ar Madabo" a ƙarni na 14 ya ɗora kalmar aro a kan shekarar da majiyoyi biyu ba su daidaita a kanta ba. Kuma littafin na fada ne. Malami yana shiga cikinsa idan ya gaisa da sarki, yana fita idan ya koma zaurensa. Marubucin ma bai ɓoye ƙosawarsa da Abubakar Kado ba, sarkin da ya duƙufa ga ibada Katsinawa suna ɓarna har bakin ganuwa.

A nan ne bambancin gaske yake. An san abin da ɗalibin Faris yake ci, da kuɗin hayarsa, da irin wasiƙar roƙon kuɗi da yake aika wa ubansa, saboda shi baƙo ne mai rigima da gari, rigima tana haifar da shari'a, shari'a tana barin takarda, ƙungiya kuma tana da akwatin ajiyar takardunta. Shi kuma doka ta ɗauke shi a matsayin ɗan coci, mafi yawansu ba su da aure, ba su da tushe a garin. Baƙon malami a Kano ana ba shi masauki ne, a ba shi mata, ya haifi 'ya'ya, unguwa ta ɗauki sunansa ko na mutanensa, kamar Zaitawa da Mandawari da Sharifai da Kabara. Almajiransa suna cin tuwon maƙwabta, shi yana raɗa wa 'ya'yansu suna, yana raba musu gado. Gari da makaranta ba su rabu ba balle su yi yaƙi. Wannan abin yabo ne ta wata fuska, amma yana da tsadarsa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Ƙungiya ba ta mutuwa, malami kuwa yana mutuwa. Idan bai bar ɗa ko almajiri mai riƙe zauren ba, karatun ya tashi, littattafai su shiga rabon gado, wani ya sami rabin Muhtasar wani ya sami sauran, gara ta gama da abin da ya rage. Madabo ta daɗe ne don gidan ya riƙe sarautar Babban Malami da karatun Muhtasar na Halilu daga kaka zuwa jika.

Ƙaura, da abin da ta jawo wa kudancin Kano

Akwai wuri ɗaya da malamin Hausa da na Faris suka yi tarayya sosai, shi ne makamin ƙaura. Wanda ba shi da gini ba shi da abin da za a riƙe shi da shi. Sarakuna sun san haka, shi ya sa suke lallashi. A Barno akwai takardun mahram da mai sarauta yake ba malami, a ɗauke masa haraji da aikin yaƙi shi da zuriyarsa. Amma a lura, takardar Filib ta 1200 an ba duk mai karatu ne a Faris, mahram kuwa na wane ne ɗan wane. Idan aka taɓa irin wannan alfarma, abin da ke biyo baya ba ya tsayawa a zaure. Wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da wasu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa da aka ɗora musu, suka bar ƙasar Kano suka shiga duwatsun Ningi. Ƙaurar Okisfod ta haifi Kambirij, tasu kuwa ta haifi daula. Magadan Hamza suka yi shekaru fiye da hamsin suna kai hari garuruwan kudancin Kano, irin su Rano da Tudun Wada, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fita yaƙi a kansu. Adell Patton ya yi nazarin wannan a kundinsa na 1975. Abin lura shi ne, babu wata majalisar malamai da za ta tsaya tsakanin Hamza da fada ta sasanta, kamar yadda aka sasanta Faris a 1231. Mai neman sanin matsayin malamai a siyasar Kano zai fi ƙaruwa da wannan labari ɗaya fiye da shafi goma na kirarin Gobarau.

Babbar asarar da farautar "jami'a" take jawowa ita ce tana tsare idon manazarci a cikin birni, wurin hasumiya da tsohon masallaci. Garuruwan da ke kan hanyar Zazzau, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Riruwai mai kuza a ƙasar Doguwa, ba su da hasumiyar da za a ɗauki hotonta, don haka ba sa shiga lissafi. Alhali kuwa da Clapperton ya ratsa Bebeji a 1826 ya ƙiyasta mutanenta sun kai 20,000 ko fiye, ya ce fatake ne, kuma da yawansu asalinsu Barno ne da ƙasar Wangara. Okisfod ta ƙarni na 14 ba ta kai rabin wannan ba. Wangara da Barno kuwa suna cikin hanyoyin da Tarihin Kano ya ce malamai sun biyo. Da wuya a ce mutanen da suka kawo wa birni littattafai sun zauna a Bebeji da jakunan goro kaɗai. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya nuna cewa ayarin Gwanja ba ya tashi sai da madugu da jagaba da uban dawaki da malamin ayari, wanda yake duba ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya riƙe lissafi. Alhasan Ɗantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877, a makarantar allo ta garin ya yi karatu kafin ya bi hanyar Gwanja. Ba ƙarni na 15 ba ne wannan, gaskiya ne, kuma kuskure ne a ɗauki abin da aka gani a 1826 a mayar da shi zamanin Rumfa kai tsaye. Amma zaren da ya haɗa fatauci da karatu shi ne dai wanda ya kawo Zaite, kuma a irin waɗannan garuruwa ne ake iya kama bakinsa.

Misali mafi kyau na irin malamin da wannan hanya take haifarwa shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi karatu yana bin ayari, ya zauna a Salaga, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934. Tun yana saurayi, a 1877, ya wallafa Assarhatul Wariƙa, littafin koyar da rubuta wasiƙu da takardun shaida. Idan ana son kwatanci na gaskiya da Bolonya, to ga shi nan, domin kuwa ban da dokokin Rumawa, abin da ya ciyar da ɗimbin ɗaliban garin shi ne fannin tsara wasiƙa da rubuta yarjejeniya, wanda irin su Guido Faba da Rolandino suka yi wa littattafai a ƙarni na 13, don biyan bukatar 'yan kasuwa da hukumomin gari. A duka wuraren biyu ciniki ne ya nemi alƙalami, alƙalami kuma ya sami abinci a wurin ciniki.

Tambayoyin da suka kamaci ɗalibin da ya nufi Bebeji ko Kiru da rikodarsa ke nan ba su ne ko an taɓa yin jami'a a can ba. Wa ya karantar da limamin garin, shi kuma wa ya karantar da shi, har inda salsalar ta tsaya? Wane littafi ake fara wa ɗalibi bayan sauka, Ahalari ne ko Ishmawi, kuma a wane mataki yake barin garin ya nufi Madabo ko Zariya? Wace unguwa ce take ciyar da almajiran ci-rani, kuma a gonar wa suke noma da damina? A ƙarshen tsofaffin kwafe-kwafen Risala da Ishiriniya da ke cikin gafakar gidajen malamai, magwafi yakan rubuta sunansa da na ubansa, da sunan wanda ya kwafa wa, wani lokaci har da garin da ranar da ya gama. A gefen shafi kuma akan tarar da fassarar kalma da ajamin Hausa, ko lissafin bashin goro, ko ranar haihuwar ɗa.